Bot ɗin da Ba Ya Jiran a Gama Gaisuwa

Sunan Injiniya babu wanda ya raɗa masa. Shi ya raɗa wa kansa, ranar da ya kwance fankar ɗakin kakarsa ya mayar, ta koma tana hura silin tana barin mutane cikin zufa. Daga nan ya tara gemu, ya sayi jakar kwamfuta, ya shiga cewa "mu masu fasaha" ko da maganar tsadar albasa ake yi.

Ita kuwa Kaka, wadda mutanen layin ke kira Iya, gidan kek gare ta a bakin layi, bango ɗaya da shagon Tela. Ta fara gashi tun uban Injiniya yana rarrafe, kuma da abu ɗaya take tinƙaho: ba a taɓa dawo mata da kek ba. A rubutun kirim babu hannu irin nata a garin. Sai dai ba ta iya karatu ba. Zana haruffan take yi kamar yadda take zana fure: 'yarta Goggo ta karɓi oda ta rubuta mata da manyan baƙaƙe, ita kuma ta kwafe, lanƙwasa da lanƙwasa. Duk layin sun sani, ita ma ta san sun sani, amma babu mai ƙarfin halin faɗa. In aka miƙo mata rubutu sai ta ce, "Tabarauna ya yi nisa," alhali yana kan hancinta.

Sai 'yar Goggo ta haihu a wani gari, Goggo ta haɗa jaka za ta je ta kwana biyu. Tun ba ta kai tasha ba Injiniya ya iso da kwamfuta a hammata da wani allon gilashi a ka.

"Kaka, wahalarki ta ƙare. Na haɗa miki bot."

"Me ka haɗa?"

"Bot. Manhaja ce mai hira a waya. Mutum ya turo saƙo, ta amsa, ta karɓi oda, ta fito miki da rubutun a kan wannan allon da ƙaton baƙi. Ba ta barci, ba ta fushi, ba ta tafiya wajen haihuwa."

"Bot," in ji Kaka. "Sunan ma kamar abu ya faɗa rijiya. Me kake so, angona? Don kai ba ka taɓa ɗauko kaya a ka don Allah ba."

Idonsa ya sauka kan makullin shagon da ke rataye a wuyanta. Ya daɗe yana gaya wa abokansa shi ne manaja, kuma manajan da sai ya tsaya a waje ya jira kakarsa ta buɗe ƙofa yana shan dariya.

Kaka ta shafa gwiwarta, wadda ta fara yi mata gardama da safe. "Na ji. In Goggonka ta dawo ba a dawo mini da kek ko ɗaya ba, makulli naka ne, ni in huta. In aka dawo da ko gutsure, kai da rijiyarka ku bar mini shago."

"Ki fara ɗinka matashin hutawa," in ji Injiniya.

Ya kafa allon a bango saitin teburinta, ya liƙa lambar waya a ƙofa, ya zauna ya harɗe ƙafa.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne, ɗan Adam ba ya faɗo maka da buƙata kamar an jefo shi daga rufi. Sai ya yi sallama, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, kowacce a saƙonta daban. Shi kuwa bot, da ya ji sallama sai ya yi caraf ya ce, "Me za a rubuta a kan kek?" Duk saƙon da ya biyo baya, shi ne rubutu.

Kek na farko na wani magidanci ne, zai burge matarsa ranar zagayowar haihuwarta. Kaka ta dubi allo, ta matsa kirim, ta zana YA GIDA YA AIKI, ta kewaye shi da jajayen furanni. Na biyu na masu buɗe sabon kanti ne, ya fita da YA ƘAFAR IYA DA SAUƘI cikin ruwan zinare. Ta rufe kwalaye, Mai Babur da ke kai mata kaya ya ɗaure a baya ya tafi.

"Wannan rubutun kamar ɗazu ma na yi shi," in ji Kaka da ta zo kan YA GIDA na uku.

"Shi ake yayi yanzu," in ji Injiniya, bai ko ɗago kai ba.

Da rana ya fita shan iska, ya hango Mai Babur yana shawo kwana da kwalayen nan duka a bayansa. Ya ruga ya tare shi kafin ya iso ƙofa.

"Ina za ka da su?"

"Inda suka fito. Mai kantin ya ce ƙafarsa lafiya lau. Matar mutumin kuwa ta ce in gaisuwa zai yi mata ai yana da baki."

Injiniya ya ja babur da mai shi zuwa ƙofar bayan shagon Tela. Tela ya cire allura daga baki ya dubi kwalayen.

"Ajiya ce ko kyauta?"

"Ajiya."

"Ajiya mai kirim ba na ba da tabbacinta."

"Ci rabi, ka rufe bakinka da shi."

Injiniya ya dawo ya gaya wa Kaka mutanen sun ji daɗi har sun ce a ƙara musu wani, ya gyara rubutun da hannunsa a ɓoye. Kaka ta sake kunna tanda tana cewa kasuwa ta buɗe.

Washegari ya iso da sabon bayani. "Na gano matsalar da babu ita. Gaggawa ce ta yi masa yawa. Yanzu na koya masa haƙuri: ba zai ce uffan ba sai mutum ya gama rubutunsa tsaf."

Bot ya koyi haƙuri, har ya wuce malaminsa. Da sassafe wani tsohon soja da ke ƙarshen layi ya buɗe hira. A saman allon aka ga alamar yana rubutu. Bot ya tsaya jiransa. Saƙonnin mutane suka yi ta shigowa suna yin layi a baya, bai kula kowa ba, shi dai Tsohon Soja yake jira. Hantsi ya yi, tanda ta huce, ƙwai na zaune a kwando. Kaka ta share shago, ta sake sharewa.

"Yau duk garin babu mai murna?"

"Akwai oda da yawa, Kaka. Suna layi."

"Layin wa?"

"Layin Tsohon Soja. Bai gama rubutu ba."

"Littafi yake rubutawa?"

Tela ya leƙo ta taga, da ɗigon kirim a gashin bakinsa. "Iya, waya ta dame ni. Mutane suna tambaya ko rasuwa aka yi muku."

"Za a yi," in ji Kaka, tana duban jikanta. "Tashi ka je ka ce masa ya gama."

Haka Injiniya, mai fasaha, ya taka da ƙafa har ƙarshen layi don ya roƙi mutum ya danna waya. Ya sami Tsohon Soja a kujerar ƙofar gida yana gyangyaɗi, wayar na ƙarƙashin cinyarsa. Da aka tashe shi ya zaro ta, ya dube ta da nisa, ya dube ta da kusa.

"Ni na kira ku?"

"Baba, tun safe muke jiranka. Ka rubuta wani abu, ko mene ne."

Tsohon ya ɗaga yatsa ɗaya, ya yi ta shawagi da shi a kan haruffa kamar mai neman ƙuda, ya rubuta "To," ya koma barcinsa.

Wannan "To" ita ta ba Injiniya dabara ta uku, wadda ta fi sauran muni.

"Kaka, yanzu na kai ƙarshen ilimin. Ba zai ƙara jiran kowa ba. Zai yi hira da mutum goma a lokaci guda, kowa ya turo lokacin da ya ga dama. Kuma na sauƙaƙa wa jama'a: mutum ya ce 'to' kawai, oda ta tabbata."

"Ni dai a ba ni abin da zan zana," in ji Kaka.

Hannu goma ya ba bot ɗin, amma aljihu ɗaya ya ɗinka masa. Duk rubutun da ya shigo, a aljihun nan yake faɗawa, na baya ya danne na gaba, ba a tambayar na wane ne. Ga sabis ɗin waya kuma yana wasa da saƙonni, wani ya iso da gudu, wani ya tsaya hutawa a hanya ya iso bayan an gama zancensa.

Wata mata ta yi odar kek don jaririn ƙanwarta, a daidai lokacin da wasu 'ya'ya ke yi wa ubansu odar na barka da fitowa daga asibiti. Jariri ya sami BABA KA DAINA TAURIN KAI KA SHA MAGANI. Dattijon, mai furfura har a gira, aka buɗe masa kwali a gaban jikokinsa ya ga BARKA DA ZUWA DUNIYA ƊAN ƘARAMIN BAƘO.

Ita kuma "to" ta buɗe wata ƙofar. Injiniya ya koya wa bot ladabi, ba ya barin mutum ya yi maganar ƙarshe. Wata malamar asibiti ta gama odarta, bot ya ce, "Mun gode." Ta ce, "To." Ya ce, "An karɓa, kek ɗaya. Mun gode." Ta ce, "To, ai na riga na yi." Ya ce, "An karɓa, kek ɗaya. Mun gode." Matar mai tarbiyya ce, ba ta iya barin godiya a ƙasa. Kafin ta gane ta kashe wayar, Mai Babur ya yi sawu ya fi a ƙirga zuwa ƙofarta, har maƙwabta suka fara shigowa yi mata murna ba su san ta mece ce ba.

Duk waɗannan a shagon Tela suka ƙare. Kwalaye suka cika ƙarƙashin tebur, suka hau kan keken ɗinki, suka danne yadin mutane. Tela ya ci har ya daina gane ɗanɗanon shayi, ya ƙara wa wandonsa faɗi da hannunsa. Sannan tururuwa suka sami labari.

Ana cikin haka matar Hedimasta ta turo oda. Mijinta zai yi ritaya daga makarantar unguwa, za a yi taro a babban zaure, tana son kek mai hawa uku, kowane hawa da layinsa. Rabin layin nan Hedimasta ne ya koya musu karatu, sauran rabin kuma ya zane su. Kowa zai je. Goggo kuma jibi za ta dawo.

"Wannan ne na ƙarshe," in ji Injiniya, yana kallon makulli. "Kaka, ki fara yi masa sallama."

Matar Hedimasta ta turo layin farko ya shiga lafiya. Na biyu da na uku sabis ya riƙe su a hanya. A wannan ɗan tsakanin ne Tela, wanda tururuwa suka hau masa ƙafa har gwiwa, ya kira wayar Injiniya bai ɗauka ba, sai ya huce a kan lambar da ke liƙe a ƙofar shago. Saƙo biyu ya tura. Bot ya karɓe su hannu bibbiyu ya jefa aljihu. Da ya tambayi matar Hedimasta ko a tabbatar, baiwar Allah ta ce, "To."

Injiniya bai ga allon ba. Tuni ya tafi zauren taro, ya naɗa kansa mai kula da lasifika, yana raba wa mutane lambar bot. Kaka ita kaɗai ta yi aikinta. Ba ta taɓa zuba hannu kamar ranar ba: haruffa shuɗɗa a kan fari, kowanne tsaye kamar ɗan makaranta a layin safe. Ta lulluɓe kek da farin mayafi, ta sa aka ɗauke shi a hankali, ta bi shi a baya da sabon zani.

Zaure ya cika. Aka yi jawabai, Hedimasta na zaune a tsakiya da kwat, matarsa a gefe. Kafin a yaye mayafi Injiniya ya karɓe makirfo.

"Jama'a, kek ɗin da za ku gani, hannun ɗan Adam bai taɓa odarsa ba. Fasaha ce tun daga sallama har tabbatarwa. Wanda ya haɗa ta kuma yana gabanku, ba sai an je wata ƙasa ba."

Ya kama gefen mayafin ya fizge.

Aka fara tafi, sai tafin ya riƙa mutuwa daga layin gaba zuwa baya. Kaka na tsaye kusa da kek, ƙirji a gaba, tana jiran yabon da ta saba. Ta ga matar Hedimasta ta dafe baki. Ta ga malamai sun sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Wani daga cikinsu ya ce ƙasa-ƙasa, "Wa ya gaya musu?" Ta ga Tela ya miƙe yana laluben ƙofa. Injiniya kuwa ya ƙame da mayafi a hannu, gemunsa kaɗai ke motsi.

Ta dubi haruffanta. Babu wanda ya karkace, babu kirim da ya zuba.

"Kai, me ya faru?"

"Babu komai, Kaka. Sabis ne."

Ta dubi zauren nan kaf, kowa ya kawar da ido. Ta cire tabaraunta ta ninke, ta juya wajen mai taron.

"Malam, karanta mini abin da na rubuta. Ban iya karatu ba."

"Iya, ai duk mun..." in ji Tela daga bakin ƙofa.

"Kai kuma dawo ka zauna."

Hedimasta ya miƙe, ya gyara kwat, ya sa hannu a baya, ya karanta da muryar da yake kiran sunaye da ita.

"Hawa na farko: Barka da ritaya Hedimasta. Hawa na biyu: Wallahi mun gaji da kai. Hawa na uku: Ka zo ka kwashe kayanka, tururuwa sun cika wurin."

Zauren ya fashe. Wani malami ya zame daga kujera. Hedimasta ya ɗaga hannu, aka yi tsit don tsohon tsoro bai gama fita ba.

"Rubutu ya yi kyau," ya ce. "Babu kuskuren harafi ko ɗaya. Wanda ya tsara maganar nake son gani bayan taro."

"Tela ne," in ji Injiniya da sauri.

"Ni da kai nake," in ji Tela. "Kayanka nake nufi, kek ɗin da aka yi ta dawowa da su ka jibge mini. Ka je ka ga shagona, tururuwa har sun naɗa shugaba."

Kaka ta juyo a hankali. "Kek ɗin da aka yi ta me?"

Matar Hedimasta ta share hawaye, ba a san na dariya ba ne ko na takaici, ta ce, "Iya, ki yi haƙuri, amma wannan sai dai a mayar miki."

"Babu mai mayar mini da kek," in ji Kaka. "Ni zan ɗauki abina. Angona, sunkuyo."

Aka ɗora masa hawa uku a ka. Kaka a gaba, shi a baya yana tafiya kamar mai tsallake ruwa, kirim na gangaro masa ta gemu, rabin zauren na biye da su. A ƙofar Tela ta tsaya ta sa aka buɗe. Kwalaye suka zubo har bakin titi. Jama'a suka shiga ɗagawa suna karantawa da ƙarfi, wannan ya ce ga YA GIDA, wancan ya ce ga ƊAN ƘARAMIN BAƘO. Wata ta ɗago YA ƘAFAR IYA DA SAUƘI.

"Da sauƙi," in ji Kaka, ta wuce.

A shago ta sa ya sauke kek, ta nuna masa kwamfutarsa. "Kafin ka kashe rijiyar nan, tura wa duk wanda ya taɓa yi mana oda. Ka ce Iya ta ce a yi haƙuri, za ta sake wa kowa nasa."

"Kaka, bari in fara cire..."

"Tura."

Ya tura, saƙo ɗaya ga kowa da kowa. Mutanen layin kuwa masu ladabi ne, tsohuwa ba za ta ba su haƙuri su yi shiru ba. Waya ta yi ƙara. Ta sake yi. Sannan ta kama kuka babu tsayawa, allon bango na ta walƙiya.

"Me suke cewa?"

Injiniya ya dubi allo. "Cewa suke 'To.'"

"Shi kuma me yake ce musu?"

"An karɓa, kek ɗaya."

Tela, da ke leƙe ta taga, ya janye kansa a hankali ya tafi rufe ƙofar bayansa da kwaɗo.

Kaka ta kai hannu ta zare wayar allon daga bango. Ta ɗaga makullin da ke wuyanta, ta dube shi, ta jefa shi cikin riga. Sannan ta ɗauko kwandon ƙwai da babban kwano ta dire a gaban jikanta, ta ɗaura masa tsummar aiki a kan rigar taron.

"Daga yau kai ne bot. Mutum ya yi sallama, ka amsa. Ya tambayi gida, ka ce lafiya. Ka bari ya gama. In ya faɗi rubutu, ka zo nan ka karanta mini da bakinka, da sunan mai shi, kafin in taɓa kirim. Ka ji?"

"To," in ji Injiniya.

"An karɓa," in ji Kaka. "Fasa ƙwai."